Noti Guda Ya Hana Yara Ruwa

Na san waɗansu daga cikin masu karanta jaridan nan, da sun ga kan maganata za su ce, "Kai, malam ya rasa abin faɗi. Ana ta maganar tsaro da albashi da tsadar taki, shi kuwa ya zo mana da zancen sifana." To, ban ga laifinsu ba. Amma ina roƙonsu su yi haƙuri su bi ni har ƙarshe, gama abin da ya sa na ɗauki alƙalami da idona na gan shi, na kuwa tabbata akwai malamai da akawuna da yawa a ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa waɗanda suka ga irinsa, sai dai ba su ɗauke shi a bakin kome ba.

Cikin rangadin da na ke yi na duba makarantu, wata rana na sauka wata makarantar firamare a wani ƙauye na ƙasar Faskari. Ba zan faɗi sunanta ba, don ba tonon asiri na zo yi ba. Da hantsi ne, lokacin da ya kamata a ce kowane aji ya cika. Na shiga aji biyar, na buɗe rajista, na ga 'yan matan da ke zaune ba su kai rabin waɗanda aka rubuta ba. Na tambayi hedimasta, ya ce sun tafi ɗiban ruwa. Ga famfon tuƙa-tuƙa kuwa a tsakiyar filin makaranta, an ɗaure hannunsa da igiya, awaki na kwance a kan dakalinsa. Na ce, "Malam, rijiyar ce ta ƙafe?" Ya ce a'a, ruwa na nan. Na ce, "To, bututu ne ya faɗa ciki?" Ya ce a'a. Sai ya ja ni ya nuna mini kan wata ƙusa guda mai riƙe da murfin famfon. Kan nan da aka ƙera shi da kusurwa shida ya koma mulmulalle kamar ƙwallon goriba.

Ga yadda abin ya faru. Famfon irin wanda a ke kira India Mark II ne, wanda ya cika ƙauyukanmu. A cikin kansa akwai 'yar sarƙa wadda ta haɗa hannun da a ke tuƙawa da sandar ƙarfen da ke sauka cikin rijiya. Sarƙan nan ce ta kwance. Gyaranta ba ya buƙatar injiniya, a buɗe murfi ne kawai, a mayar da ita, a ɗaure noti, a shafa mata giris. Wani malami mai himma ya ɗauko sifana mai sauya baki daga sito, ya kama kan ƙusar murfin, ya murɗa, ta zame. Ya sake, ta sake zamewa. Aka kawo filaya mai haƙora ta ƙara gaigaye wurin. Daga bisani mai gadi ya zo da kurfi da guduma ya gama da ɗan abin da ya rage. Bakaniken da ya san aikin a Funtuwa ya ke, ya kuwa ce ba zai hau hanyan nan ba sai ta yi sauƙi. Sati bakwai ke nan yara na zuwa rafi. Ran da ya zo, da zarton ƙarfe ya yanke ƙusar ya sa wata, gyaran sarƙar kansa ko sa'a guda bai ci ba.

Wanda ke zaune a birni ya ji an ce yara sun tafi rafi, zai ga abin kamar ɓata lokacin karatu ne kawai. Mu da ke aiki a kudancin Jihar Katsina mun san ya wuce nan. Ba wanda ya manta da daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, sai bayan kwana shida Allah Ya kuɓutar da su. Tun daga lokacin nan kowane uba ya kan auna tazarar da ke tsakanin ɗansa da bakin daji. Har wa yau a watan Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihan nan, har da ukun da na ambata, aka yi watanni ba mai iya kiran wani. A irin wannan hali, makarantar da ba ta iya gyara famfonta da kanta ba ta da wanda za ta kira. Masu binciken sha'anin ruwa sun ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, tsakanin ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na famfunan tuƙa-tuƙa a tsaye su ke a kowane lokaci. Ba na cewa sifana ce ta kashe su duka. Amma wanda ya duba kawunan ƙusoshin famfunan ƙauyukanmu zai ga tana da nata rabo cikin laifin.

Bari in bayyana dalilin da ya sa sifana mai sauya baki ta ke cin kan noti, gama yawancin masu aiki da ita suna zaton rashin ƙarfin hannu ne ko tsatsa. Lissafi ne, wanda kowane malamin aji shida ya iya. Ɗauki notin da sifana mai lamba 19 ke kamawa. Daga gefe zuwa gefen da ke fuskantarsa milimita 19 ne. Daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta kuwa bai cika milimita 22 ba. Watau abin da ke hana sifana ta kewaye notin ta wuce, bai kai milimita 3 ba gaba ɗaya. A ƙaramin noti mai lamba 10, irin wanda ya cika jikin babur da janareta, tazarar milimita ɗaya da rabi ce tak. To, sifana mai sauya baki leɓe biyu gare ta, ɗaya tsayayye, ɗaya mai motsi, wanda a ke matso da shi ta murza wani ɗan dunƙulen ƙarfe da babban yatsa. Dole maƙerinta ya bar ɗan sarari tsakanin dunƙulen da haƙoran leɓen, in ba haka ba ba zai murzu ba. Wannan ɗan sarari shi ne tushen ɓarnar. Da ka ɗora ƙarfi sai leɓen ya ja da baya kaɗan, ya kuma karkace, nauyin aikin duka ya bar faffaɗan gefen noti ya koma kan tsinin kusurwa biyu. In leɓen yana da girgiɗi na milimita guda, ka ga ya riga ya cinye sulusin tazarar babban notin tun ba a fara aiki ba. Kusurwa ta lotsa sau ɗaya, na biyu ya fi sauƙi, na uku kuwa sai ka ji gaɓar yatsunka a jikin ƙarfe.

Kada wani ya ɗauka ina zagin wanda ya ƙago ta. Mutumin kirki ne, ya kuwa yi wa duniya aiki. Turawan Ingila sun yi irinta tun cikin shekarun 1840, amma siffar da muka sani yau ta Johan Petter Johansson ce, wani maƙeri na garin Enköping a ƙasar Suwidin, wanda ya yi mata rajista a 1892. Kamfanin Bahco ya sayar da miliyoyinta ko'ina a duniya. Wadda aka ƙera da ƙarfe mai kyau, a hannun wanda ya san ta, tana aiki shekara da shekaru. Wanda ya san ta ya kan tura noti har can ƙuryar bakin, ya sake murza dunƙulen bayan ya kama, sa'an nan ya ja ta wajen da leɓe mai motsi ya ke, don tsayayyen leɓen ya ɗauki nauyin. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, nawa ne daga cikin malamanmu aka taɓa nuna musu haka? Wace irin sifana ce kuma ta ke isowa siton makaranta? Wadda ta fi kowace araha a kasuwa, wadda in ka girgiza ta a kusa da kunne za ka ji leɓenta na kaɗawa kamar kuge.

Wani zai ce, "To, a bar ta mana, a sayi sifana mai tsayayyen baki, kowace da lambarta." Wannan magana ce ta mai hankali, ni ma ita na ke fara faɗi. Ba abin da ya kai sifana mai zobe, wadda ke kewaye noti ta kama kusurwoyinsa duka, in dai lambarta ta dace. Kowace makaranta mai famfon India Mark II ko Mark III, ya wajaba ta ajiye lamba 17 da lamba 19, biyu biyu, gama noti da ƙusa sai an riƙe ɗaya a ke juya ɗaya. Mai famfon Afridev kuwa lamba 24 ce tata. Masu tsara Afridev ɗin nan a Malawi da Kenya cikin shekarun 1980 da gangan suka yi shi yadda sifana guda za ta isa a buɗe shi a sauya robobinsa, don mutanen ƙauye su riƙa gyara abinsu. Sun fi mu gane inda gizo ke saƙa.

Sai dai famfo ba shi kaɗai ne ƙarfen da ke ƙauye ba, kayan ƙarfenmu kuwa daga kowace kusurwa ta duniya suka zo, kowa da ma'auninsa. Tun 1841 Joseph Whitworth ya tsara wa Ingila ma'aunin noti da ƙusa, a kansa aka ƙera tsofaffin injunan Lister, waɗanda har yau a kan ga irinsu suna niƙa. Mutanen Amurka da nasu ma'aunin na inci. Nijeriya ta koma kan mita da kilo cikin shekarun 1970, amma ko cikin masu milimita ba a daidaita ba. Ƙusa mai kaurin milimita 8, in daga Turai ta fito kanta lamba 13 ne, in ta bi ma'aunin Japan lamba 12. Mai kaurin milimita 10, can 17 ko 16, nan 14. Saboda haka hedimastan da ke da famfo, da tankin ruwa, da ƙofofin ƙarfe, da kujeru masu ƙafar ƙarfe, da janareta, da allunan sola a kan rufi, da babur ɗin hawa, ba zai iya tara sifanar kowanne ba. Lalle yana buƙatar abu guda mai kama kowane noti. Gardamata a kan wannan abu guda ta ke: wanne za a saya?

Abin da na ke kira a saya ba shi da suna a bakin mutanenmu tukuna. Ni dai awartakin noti na ke ce masa, in wani malamin Hausa yana da wanda ya fi wannan, sai ya aiko wa Edita. Na fara ganinsa a hannun wani saurayi da ya zo haɗa famfon sola a kwalejin horon malamai inda na koyar. Na tsaya ina kallo yana ɗaure mahaɗan tagulla, waɗanda ko hararar su ka yi da sifana sai su lotsa, ya gama ko ƙwarzane babu. Na karɓa na duba. Siffarsa ta filaya ce, hannu biyu, amma bakinsa sumul ya ke ba haƙori, leɓunan nan biyu kuma a miƙe su ke daidai da juna kome buɗewar bakin. Akwai wani ɗan maɓalli a mahaɗarsa, ka danna ka zame leɓe ya zo daidai girman notin, ka saki ya kulle. Kamfanin Knipex na garin Wuppertal a Jamus ne ya fito da shi a 1994, yanzu kuwa kamfanoni da dama suna ƙera irinsa.

Bambancinsa da sifana a wuri guda ya ke, wurin kuwa shi ne wanda muka yi lissafinsa ɗazu. Sifana zama ta ke yi a gefen noti da ɗan sararinta. Shi kuwa matse notin ya ke yi. Da ka damƙe hannuwan, leɓunan su kan manne da gefen noti biyu ba sauran sarari ko na silin gashi, masu ƙera shi kuma sun ce tsarin mahaɗar yana ninka ƙarfin damƙar hannu har sau goma. Tun da ba sarari, ba hanyar da nauyi zai koma kan kusurwa. In kuwa ka kama ta fuskar da ta dace, ƙara dannawarka ƙara matsewarsa. Kowane maƙerin Bahaushe zai gane wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba, gama haka awartakinsa ke riƙe jan ƙarfe a kan uwar maƙera, da damƙa. Har wa yau ba sai ka cire shi ka sake sawa ba bayan kowane juyi. Ka sassauta hannu kaɗan, bakin ya buɗe ya tsallake kusurwa, ka sake damƙewa a gefe na gaba, ka ci gaba. Wanda tsawonsa ya kai milimita 250 yana kama noti daga ƙanana har zuwa mai faɗin milimita 50, watau ya rufe duk abin da ke cikin makaranta. Notin da sifana ta fara ci, in da sauran gefe a jikinsa, sau da yawa ya kan kwance shi. Da ya ke bakinsa sumul ne, a kan miƙe lanƙwasasshen kwano da shi, ko hannun ƙofa, ba tare da an bar tabo ba.

Abin da ya fi burge ni a matsayina na mai koyarwa shi ne, ba ya buƙatar gwaninta. Sifana mai sauya baki sai an koyi ladubbanta uku da na ambata, a kuma tuna da su kullum. Wannan kuwa hannu da kansa ya ke gaya wa mutum ko ya kama ko bai kama ba. Na gwada da ɗalibai mata waɗanda ba su taɓa riƙe kayan kanikanci ba. Na ba su notin tagulla da sifana mai araha, uku cikin na farko suka lotsa shi. Na ba su awartakin, ba wadda ta ɓata. Mata kuwa su ne suka fi kowa sanin ranar da famfo ya fara canja kuka, gama su ke wurin safe da yamma.

Yanzu sai in faɗi aibinsa, kada a ce an biya ni. Na farko tsada. Na ainihin kuɗinsa ya ninka na sifanar kasuwa ninki ba ninki, a kasuwannin ƙauye kuma ba a cika samunsa ba, sai an aika manyan birane. Na biyu, yana son fili, gama hannu biyu gare shi, ba ya shiga lungun inji inda siririyar sifana ke kurɗawa. Na uku, ba ya riƙe bututu mai kewayayyen jiki. Bututun famfo sai sifanar bututu mai haƙora, wannan aikinta ne, ba mai ƙwace mata. Na huɗu, ƙusar da ta shekara goma tsatsa na cinta, sifana mai zobe ce maganinta, bayan an jiƙa ta da mai ta kwana. Kada kuma a zura bututu a hannunsa don ƙarin ƙarfi, kada a buge shi da guduma, irin yadda mu ke yi wa kowane ƙarfe da ya shigo hannunmu. Akwai jabu kuma, kamar yadda kowane abu mai kyau ke da shi. Wanda zai saya ya sa noti biyu cikin aljihu, babba da ƙarami, ya gwada a gaban mai kaya. Ya rufe bakin ya ɗaga shi ga hasken rana, in haske ya ratsa tsakanin leɓuna ya ajiye musu abinsu.

Maganar tsada ita ce za ta fi tsaya wa akawuna a rai, su kuwa na ke so su ji ni da kyau. Malam Akawu, na san yadda takardar sayayya ta ke fitowa. A kan rubuta "sifana, guda 1", ɗan kwangila ya kawo wadda ya ga dama, ma'ajin sito ya sa hannu ya shigar a littafi, mai binciken kuɗi ya zo ya ƙirga ya ga guda 1 tana nan, kowa ya fita. A takarda an yi tattali. Amma kuɗin motar bakanike daga Funtuwa da komowa, da ladan aikinsa, da sabuwar ƙusa, ba a shafin sifana a ke rubuta su ba, wani shafi ne daban, watakila ma iyayen yara ne suka yi karo-karo suka biya, bai shiga littafin kowa ba. Sati bakwai na karatun 'yan mata kuwa ba shi da shafi ko kaɗan. Dattawa sun ce araha ba ta ado. Ni na ƙara da cewa wani lokaci ita ce ta fi kome tsada, sai dai ba wanda ya saye ta ke biya ba. Alƙalamin akawu yana da ƙarfin da shi kansa bai sani ba. In ya rubuta irin abin, da tsawonsa, da cewa bakinsa sumul ne, leɓunansa a miƙe, ya kuma ce sai an gwada kafin a karɓa, to, ɗan kwangila ba shi da mafita. Tsofaffin akawunan zamanin En'e, kome laifinsu, an san su da bin diddigin kayan sito har allura, wannan hali bai kamata ya tafi tare da En'e ba.

In kuɗi bai isa kowace makaranta ta samu ba, a fara da guda ga makarantu huɗu ko biyar da ke maƙwabtaka, a ajiye a wadda ke tsakiya. Na san abin da za a ce, kayan aiki a ƙauye ƙafa gare su. Yau mai niƙa ya ara, gobe mai faci, jibi ba wanda ya san inda ya kwana. Haka ne. Amma hana aro ba zai yiwu ba a garin da kowa ɗan'uwan kowa ne, ba kuma daidai ba ne, tun da famfon ma na gari ne duka. A damƙa shi ga malami guda da sunansa, da ɗan littafin aro, kwamitin kula da makaranta ya riƙa ganinsa da ido a kowane zama. Rajistar da ta iya riƙe sunan yara ɗari uku ba za ta kasa riƙe ƙarfe guda ba.

Sauran magana tsakanina da 'yan'uwana malamai ce, a nan kuwa har da ni cikin masu laifi. Makarantar boko ta farko da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a, inda a ke koyon ƙira da sassaƙa da dukanci. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sa darasin fasaha a ƙaramar sakandare, gwamnati ta sayo injuna daga ƙasashen waje aka rarraba. Ni ina cikin waɗanda suka yi wannan darasi. Injunan makarantarmu a cikin akwatunansu muka same su, a ciki muka bar su, don ba lantarki. Muka haddace sunayen kayan aiki da Turanci, muka zana su a takarda, muka ci jarrabawa. Bayan shekaru na tsinci kaina ina horon malamai waɗanda ke iya zana sifana a allo su sa wa kowane sashe sunansa, amma ba su taɓa kwance noti ba. Malamin nan da ya lalata ƙusar famfo, irin ɗaliban da muka yaye ne. Himma gare shi, da bai da ita da bai taɓa famfon ba. Abin da ba mu ba shi ba shi ne rabin sa'a da noti a hannu.

Darasin nan kuwa ba ya buƙatar lantarki, ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Famfon da ke tsakar makaranta ya isa. Cikinsa akwai darasin tsawon hannu da ƙarfi, watau dalilin da ya sa yarinya 'yar shekara goma ke iya ɗago ruwa daga zurfin mita talatin. Akwai darasin kusurwa shida da awo. Akwai na tsatsa da giris. Sau ɗaya a wata malamin fasaha ya fito da 'yan aji shida, a buɗe murfi, a duba sarƙa, a shafa giris, a bi notuna a ɗaure wanda ya yi sako-sako, a rubuta kwanan wata a littafi. Notin da a ke taɓawa kowane wata ba ya ƙamewa, balle a kai ga kurfi da guduma.

Kafin damina ta faɗi zan sake fita rangadi, Ƙanƙara da fari, sa'an nan Faskari, in ƙare da Sabuwa, in Allah Ya yarda hanya ta yi kyau. Zan zo da jakar notuna, da sifana mai sauya baki guda biyu, mai kyau da ta araha, da awartakin da na saya da kuɗina, da kuma ƙusan nan da aka yanke, gama na roƙi hedimasta ya ba ni ita. Ina roƙon kowane hedimasta ya zo taro da malamin da ke kula da famfo, ya kuma rubuto mini irin famfon makarantarsa, da lambar sifanar da ke sito, da ranar da aka buɗe murfinsa na ƙarshe.